Yadda Ake Goge Gilashin Kyamara a Lokacin Hunturu

Da farko ka kifa kyamarar, ka hure ƙurar da ɗan famfon roba. Ban da hurawa da baki, yawu na barin tabo. Ƙurar hunturu cike take da ɓurɓushin yashi, in ka goga tana nan, ka karce gilashin ke nan.

Sai ka share da burushi mai laushi.

In akwai shatin yatsa, ɗiga ruwan goge gilashin kyamara, ɗigo 1 ko 2, a kan ƙyalle irin na tabarau, ba a kan gilashin ba, kada ya zurara ciki. Goga a hankali, kana zagayowa daga tsakiya zuwa gefe. Bakin riga da tishu kam, a kai kasuwa.

Da ya bushe, mayar da murfin.