Awara, Riɗi da Hulba: Yadda Mai Ciwon Dajin Nono Za Ta Tsara Abincinta

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da zarar an ji cewa ciwon dajin nonon mace irin wanda sinadarin mata ke ciyarwa ne, sai 'yan dubiya su fara hana ta awara, wasu kuma su cika ta da jiƙe-jiƙe. Abin yana damuna, domin sau da yawa ana hana ta abin da ba ya cutarwa, ana ɗura mata abin da ya kamata a yi tsoro.

Ki fara da sanin irin ciwonki, 'yar'uwa. Idan a takardar gwajin tsokar da aka ciro an rubuta ER da alamar tarawa, to ciwon yana girma ne da sinadarin mata da ake kira istrojin, kuma shi ya sa ake ba da ƙwayar tamoxifen kullum har shekara 5 zuwa 10. Idan ba ki gane rubutun ba, ki nemi likitanki ya yi miki bayani da Hausa.

Waken suya yana ɗauke da wani sinadari mai kama da istrojin, amma ƙarfinsa bai kama ƙafar na jikin mace ba. A wani bincike da aka wallafa a 2009, an bi lafiyar mata fiye da 5,000 masu ciwon dajin nono a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka ga cewa waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon bai fi dawo musu ba, hasali ma dawowar ta ragu, har a cikin masu shan tamoxifen. Saboda haka ki ci awararki sau ɗaya ko biyu a rana, kimanin rabin kofi kowane ci, musamman a gidan da nama sai ranar kasuwa. Aibin awarar bakin hanya shi ne man da ake maimaita suya da shi, don haka gara ki dafa ta cikin miyar taushe. Riɗi da wake ma ba su da laifi a matsayin abinci.

Inda nake son ki tsaya ki yi hattara shi ne hulba da ake sha cokali-cokali don ƙiba ko gyaran nono, da kayan mata, da ƙwayoyin ƙarin kuzari da aka tace daga waken suya. Wanda ya haɗa su ma ba lallai ya san yawan abin da ke ciki ba, kuma wasu ganyayyaki suna rage aikin magani a jiki. Ita ƙibar kanta matsala ce, domin bayan ɗaukewar al'ada kitsen jiki ne ke samar da mafi yawan istrojin. Ki rage sukari da soye-soye, ki riƙe tuwon gero ko dawa, da zogale, rama da kabewa, kuma ki riƙa tattaki gwargwadon ƙarfinki.

Mai shan letrozole ko anastrozole kuwa, wato ƙwayoyin da ke rage istrojin a jiki, ƙashinta yana iya raunana, don haka tana bukatar abinci mai ƙarfafa ƙashi, irin su kindirmo da aka tafasa madararsa, da miyar kuka.

Duk wani gari ko sassaƙe da aka kawo miki, ko daga hannun wanda kike jin nauyinsa ne, ki karɓa da godiya, ki ajiye, ki tafi da shi ranar ganin likita ya duba kafin ki sha, kuma kada ki tsayar da ƙwayarki ko da kwana ɗaya saboda shi.