Darasi na Tara: Sayen Laftof Mai Allon Shafawa a Lokacin Rangwame

Wanda ya fara koyon kwamfuta da girmansa, yawanci hannunsa ya riga ya saba da waya. Shi ya sa idan ya zauna gaban laftof sai ka ga ya miƙa yatsa ya shafi allo, yana jira abu ya motsa. Laftof mai allon shafawa tana amsa wannan yatsa kamar yadda waya take yi, kuma tana sauƙaƙa wa mai koyo ƙwarai, musamman wanda linzamin kwamfuta yake ba shi wahala. To amma ga inda ake yin kuskure. Mutum ya ga an rubuta rangwame da manyan haruffa, ya shafa allon ya ga yana sulɓi, sai ya biya kuɗi bai karanta ƙananan haruffan da ke ƙasa ba. Waɗannan ƙananan haruffa za mu koyi karantawa yau.

Karanta takardar bayani

Kowace laftof tana da ɗan layin bayani a jikin kwalinta ko a ƙarƙashin hotonta. Ga misali, mu bi shi a hankali:

14" FHD Touch, Core i3-1215U, 8GB RAM, 256GB SSD, Windows 11

Lamba 14 girman allo ce da inci, ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa. FHD na nufin ɗigon hoto 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Masu araha da yawa 1366 da 768 suke da su, rubutunsu bai kai wancan fita ba, kuma idon da ya fara gajiya zai ji bambancin. Kalmar Touch ita ce shaidar allon yana amsa yatsa. Idan babu ita, ku tambaya, domin kamfani ɗaya yakan fitar da laftof biyu masu kama ɗaya, wannan ana shafawa, waccan ba a yi.

Yanzu ku dubi 8GB RAM, nan ne zuciyar darasin. RAM kamar teburin aiki ne. Duk abin da kuka buɗe, wasiƙa ko shafin intanet ko bidiyo, a kansa ake shimfiɗa shi. Ƙaramin teburi nan da nan yake cika, sai kwamfuta ta riƙa ɗauke wannan tana ajiye wancan, ku kuwa kuna zaune kuna kallon ɗan da'ira yana juyawa. Kamfanin Microsoft ya sa gigabait 4, wato 4GB, a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11, babbar manhajarsa da ke tafiyar da kwamfuta, za ta yi aiki da shi. Ku lura, mafi ƙaranci aka ce. Laftof mai 4 za ta kunnu, amma da kun buɗe shafuka biyar ko shida ga kiran bidiyo, sai ta fara jan ƙafa. Shawarata ku nemi 8. Ku kuma tambaya ko ana iya ƙarawa daga baya, saboda a masu araha da yawa an liƙe RAM ɗin a jikin inji, yadda aka saye ta haka za ta tsufa.

Sai 256GB SSD, wato ma'ajiya, inda hotuna da takardu suke kwana bayan an kashe kwamfuta. Idan kun ga 64GB eMMC, ku dakata. Irin ma'ajiyar ƙananan wayoyi ce, ba ta da saurin SSD, kuma Windows kaɗai za ta cinye kaso mai tsoka kafin ku ajiye ko hoto ɗaya. Na sha ganin ɗalibi yana goge hotunan iyalinsa don kwamfuta ta sami wurin sabunta kanta, abin ba daɗi. Idan kuɗinku ba za su kai ga duka ba, wato ko allon shafawa da RAM 4, ko allo na yau da kullum da RAM 8 da SSD, ku ɗauki ta biyun. Linzami cikin mako guda za ku saba da shi.

Core i3-1215U sunan injin sarrafawa ne na kamfanin Intel. Lambobin farko bayan ɗan layin suna faɗin zubinsa, wato sabuntarsa ko tsufansa: 1215U zubi na 12 ne, 8130U na 8, 7100U na 7. Wannan yana da muhimmanci domin Windows 11, wadda ta fito a 2021, galibi daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa wadda ta gabace ta, Windows 10, ranar 14 ga Oktoba, 2025. Celeron da Pentium, su ma injinan Intel ne, sun fi Core i3 rauni. Ryzen 3 na kamfanin AMD kuwa kusan sa'anta ne.

Wata laftof ɗin za ku ga an rubuta Chromebook. Manhajar Google ce a cikinta, ba Windows ba, kuma ta fi jin daɗin aiki inda intanet ba ya yankewa.

Shi kansa rangwamen

Idan an ce kashi 30 cikin 100, ana nufin a kowane ɗari an cire talatin, saura saba'in. Amma daga wane farashi aka cire? Wasu masu sayarwa sukan rubuta tsohon farashi mai kumbura su soke shi da jan layi, don sabon ya yi kama da garaɓasa. Maganinsa ku kwafi lambar samfurin laftof ɗin harafi da harafi a takarda, ku je wajen masu sayarwa biyu ko uku ku ji nawa suke ba da ita. Sannan ku tambaya kai tsaye dalilin ragin. Tsohon kaya ne da ya daɗe a ɗakin ajiya? Wani ne ya dawo da ita aka gyara? Ko ita ce aka ɗora a kanta kowa yana taɓawa? Duk waɗannan ana iya saye, muddin an faɗa muku gaskiya kuma akwai garanti. Sabuwar laftof yawanci garantin shekara ɗaya take zuwa da shi. Ku sa a rubuta tsawonsa a rasit, tare da kwanakin da za ku iya dawo da ita.

Gwada allon da hannunku

Gani ya kori ji. Ku sa a kunna muku ita, ku buɗe manhajar zane ta Paint. Ku ɗora yatsa a kusurwar sama ta hagu, ku ja layi a hankali har kusurwar ƙasa ta dama, sannan ku zagaye gefuna huɗu. Inda layin ya yanke alhali yatsa bai ɗaga ba, wurin ya mutu. Ku buɗe hoto ku ware yatsu biyu ku ga ko zai girma. Ku duba farin shafi, sannan baƙi, ko akwai ɗigon da ya maƙale da launi ɗaya. Ku ɗan danna allon: idan yana rawa yana komawa baya, mahaɗin marfin ba shi da ƙarfi, kuma shi ne zai sha wahalar yatsunku kullum. Masu naɗewa har baya su zama kamar allon hannu, ku naɗe ku buɗe sau uku kuna saurare ko akwai ƙara.

Ku sani kuma, allon shafawa yawanci gilashi ne mai sheƙi, yana ɗaukar ido a wuri mai haske, yana ɗan ƙara shan batir, kuma in ya fashe canjinsa ya fi na allo na yau da kullum tsada. Ku haɗa da jaka mai laushi tun ranar farko.

Aikin gida

Ku nemo tallan laftof guda biyu, ku kwafo layin bayanin kowace a littafinku. Ku ja layi a ƙarƙashin RAM, ku zagaye ma'ajiya, ku rubuta zubin injin a gefe. Idan farashi 200 ne aka rage kashi 25 cikin 100, nawa za a biya? Ku zo da amsa a zama na gaba, kowa zai karanta nasa layin da babbar murya.