Kafin ka ci bashin karatun fiziks na injiniyanci a Amurka, yi wannan lissafin

Kwas ɗin nan rabi fiziks ne rabi injiniyanci, kuma da yawa daga masu gama shi sai sun ƙara da mastas ko PhD, to bashin ma yana iya ƙaruwa, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Farko ka shiga College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi ta Amurka, ka rubuta sunan jami'ar ka duba kwas ɗin, zai nuna maka matsakaicin albashin waɗanda suka gama da bashin da suka fito da shi. Kar ka ruɗu da kuɗin makarantar da suka rubuta a talla, ka nemi abin da za ka biya bayan an cire sikolashif.

Ƙa'idar da ake yawan bi ita ce jimillar bashinka kar ta wuce albashin shekararka ta farko. Misali dala 30,000 da ruwa kashi 6.5 a shekara 10, kusan dala 340 kenan duk wata, ƙarshe ka biya sama da 40,000, kuma fa albashin da ka gani ba a cire haraji da kuɗin haya ba tukuna.

Ɗalibin da ya zo daga waje ba ya samun bashin gwamnatin Amurka, sai na banki, galibi da wanda zai tsaya maka a can, ruwan ma ya fi yawa, ga batun riba wanda ni dai ba zan ce ka kau da kai ba. In gida za ka yi, Jami'ar Obafemi Awolowo (OAU) da ke Ile-Ife na da kwas ɗin, kuma bashin NELFUND, asusun ba ɗalibai bashi na gwamnatin Najeriya, babu ruwa, ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa.