Ramukan da ɗaliban aikin jarida ke faɗawa wajen nazarin kafofin labarai da rikici

Duk shekara ɗaliban sashen aikin jarida na kawo kundin kammala karatu a kan rawar da kafofin yaɗa labarai ke takawa a yaƙi da zaman lafiya, kuma kurakuran ba sa canjawa.

Mafi muni shi ne tsalle daga abin da aka buga zuwa abin da aka aikata. Ɗalibi zai tara kanun labarai ɗari biyu, ya ƙirga masu zafin harshe, sai a babi na biyar ya yanke hukunci cewa jarida ce ta rura wutar rikicin. Ina hujjar? Ƙirgen kalmomi bai gaya maka wa ya karanta ba, balle wa ya ɗauki adda saboda abin da ya karanta. Da an matsa masa sai ya ruga ya kafa hujja da gidan rediyon RTLM da ya zuga mutane lokacin kisan kare dangi na Ruwanda a 1994, kamar magana ta ƙare ke nan. Gaskiya ne kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami Ferdinand Nahimana na RTLM da Hassan Ngeze na jaridar Kangura da laifi a 2003, amma hukuncin shari'a daban, auna tasiri daban. Mai bincike Scott Straus ya shiga gidajen yarin Ruwanda ya tattauna da fursunoni kimanin 200 da suka amsa laifinsu na shiga kisan, kuma abin da suka fi ambata shi ne tsoro da matsin lambar mutanen gari, ba rediyo ba. Wani mai binciken, David Yanagizawa-Drott, ya bi wata hanyar: tuddan ƙasar sun hana wasu ƙauyuka kama tashar, wasu kuma suna jin ta rangaɗaɗau, sai ya kwatanta su. Ya samu cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka shiga kisan za a iya jingina shigarsu ga rediyon. Dubi irin wahalar da aka sha kafin a furta adadi ɗaya! Kai kuma da kanun labarai kaɗai kake son kama mai laifi? In abin da aka wallafa ka nazarta, tsaya a kansa. In tasiri kake nema, dole ka samo waɗanda suka ji saƙon da waɗanda bai kai musu ba, masu kama da juna a sauran al'amura.

Na biyu kuma yana da ban haushi ƙwarai. Mutum na bincike a kan ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara, amma jaridun Turanci na Legas da Abuja kaɗai ya ɗauka, don su ne a jere a laburare. Je ka teburin mai shayi da sassafe ka gani: ƙaramar rediyo a jingine da gwangwanin madara, wani kuma ya kara waya a kunne yana sauraron saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Can labarin yake yawo. Wannan lalaci ne, kada a kira shi ƙarancin kayan aiki. Naɗi shirye-shiryen Hausa da kanka, musamman waɗanda ake buga waya kai tsaye. Wajen zaɓen ranakun da za ka nazarta, ni dai tsarin da na fi yarda da shi shi ne haɗa mako ta hanyar ƙuri'a: Litinin ɗaya daga nan, Talata daga can, har kwana bakwai, ka yi haka sau biyu, sannan ka ware ranakun da rikici ya ɓarke su zama kaso na daban. Saƙon murya kuwa, rubuta ranar da ya iso da irin zauren da ya fito, ka adana shi yadda yake.

Kada ka fassara kalmomi zuwa Turanci kafin ka tantance su, wato ka sa kowacce a rukuninta. «Arna» da «ɓarayin daji» da «makiyaya» kowacce da nauyinta, fassara tana goge shi.

Kada kuma ka tantance kai kaɗai. Ka ba wani mutum kashi goma cikin ɗari na samfurinka ya yi ba tare da ya ga naka ba. In kun saɓa da yawa, ma'auninka ne bai fito fili ba, koma ka gyara shi.

Ra'ayin masanin nazarin zaman lafiya Johan Galtung na aikin jarida don zaman lafiya ba ado ba ne da za a liƙa a babi na biyu a manta. Mai da shi tambayoyi: an ji ta bakin ɓangarori nawa, an faɗi tushen rigimar, an ambaci masu sulhu?

Kuma kada ka ɗauka duk shirin zaman lafiya yana aiki. Mai bincike Elizabeth Paluck ta gwada wasan kwaikwayon rediyo na sulhu a Ruwanda, ta samu ya sauya fahimtar mutane game da abin da jama'a suka yarda da shi, amma bai taɓa abin da ke zuciyarsu ba sosai.

Raba takardar tambayoyi ga 'yan ajinku ba jin ra'ayin al'umma ba ne. Sunan wanda ka yi hira da shi a yankin rikici da sunan ƙauyensa kuwa, cire su daga kundin, ka goge muryarsa daga wayarka kafin ka hau hanyar da ake tare motoci.