Yadda Ake Haɗa Na'urar Auna Danshin Ƙasa a Lambu

Manyan abubuwa uku ake buƙata: ƙaramin allon Arduino Uno (allon lantarki da ke karanta saƙon ma'auni), da ma'aunin danshi, da wayoyi guda uku. A guji ma'auni mai ƙafafu biyu na ƙarfe, domin wutar da ke ratsa shi tana cinye ƙarfen cikin ɗan lokaci. Nau'in kafasitif, wanda aka lulluɓe jikinsa, ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba.

Da wayoyin uku, a haɗa ƙafafun ma'aunin da ramukan allon bisa sunayen da aka rubuta a jikinsu: VCC na ma'aunin da 5V na allon, GND da GND, sannan AOUT da A0. Idan aka haɗa allon da kwamfuta, aka kuma ɗora masa manhajar da ke karanta A0, zai riƙa nuna lamba tsakanin 0 da 1023 a kwamfutar.

Matakin da bai kamata a yi wa gaggawa ba shi ne daidaitawa, saboda lambar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ƙasar lambun kanta. A soka ma'aunin a busasshiyar ƙasa a rubuta lambar, sannan a jiƙa ƙasar sosai a sake rubutawa. A wannan nau'in, lambar tana raguwa yayin da danshi ke ƙaruwa. Ƙasar rairayi da ta laka ba sa riƙe ruwa daidai, don haka kowace a gwada ta daban.

A binne ma'aunin kusa da saiwa, a toshe samansa da gam mai hana ruwa shiga.