Yadda Ake Zaɓar Bijimin da Ba Zai Gadar da Nakasa Ba

Makiyayin Mai Wurno ko Gadarif a ƙasar Sudan da zai sayi bijimin Baggara (wani irin shanun Sudan) domin barbara, ya fara lura da ƙafafunsa yana tafiya, sannan ya buɗe bakinsa ya ga ko haƙoran ƙasa sun dace da dasashin sama, domin gajeren muƙamuƙi yakan bi jini. Sai dai duban ido bai wadatar ba. Wasu ƙwayoyin gado suna ɓuya a jikin lafiyayyar dabba, kuma idan saniya da bijimi duk suna ɗauke da su, ana sa ran maraƙi 1 cikin 4 zai fito da nakasa. Saboda haka a nemi ganin maruƙan da ya haifa, kada kuma a bari ya hau 'ya'yansa mata.