Yadda Ake Tattara Labaran Tsofaffin Ɗaliban Barewa

Duk wanda abokan karatunsa suka ɗora wa aikin sakataren aji a ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda aka fi sani da BOBA, zai tarar cewa mafi nauyin aikinsa shi ne sanin halin da kowa yake ciki da isar da shi ga sauran ba tare da kuskure ba. Nauyin yana ƙaruwa idan 'yan ajin dattawa ne da suka haura shekara 70, domin a wannan mataki labarin ritaya da jinya da rasuwa ya fi na ƙarin girma yawa.

Aikin yana farawa ne da rajista, kuma suna kaɗai ba ya isa. Makarantar ta soma a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, sannan aka raɗa mata sunan Barewa a 1971, saboda haka dattijon da ya fita a shekarun 1960 yana iya ce maka shi ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Zariya ne, kuma gaskiyarsa. Ɗalibai da yawa na zamanin da an rubuta su da sunan garinsu, kamar yadda marigayi Shehu Shagari ya ɗauki sunan Shagari, alhali yau jama'a sun fi sanin wasunsu da sarautar da aka naɗa su, Waziri ko Turaki ko Ɗanmasani. Don haka sai ka rubuta sunan da aka san mutum da shi a makaranta da sunan da ake kiransa yanzu, da shekarar shiga da ta fita, da gidan kwanansa, Ɗan Hausa ne ko Malam Smith ko Nagwamatse, da kuma lambarsa ta makaranta mai farawa da harafin B. Wannan lamba ita ce ke raba gardama idan aka sami Muhammadu Sani biyu a aji guda. A gefen lambar wayar kowa, ka nemi ta ɗansa ko 'yarsa, domin ranar da za ka fi bukatar labari ita ce ranar da mai wayar ba zai iya ɗauka ba.

Wajen neman labari, kira ya fi rubutaccen saƙo. Ka cika gaisuwa, ka tambayi iyali da ƙarfin jiki, ka bar dattijo ya kawo abin da yake so da bakinsa, sannan kafin ku yi sallama ka tambaye shi abin da ya yarda a sanar. Lokutan sallah biyu sun dace da irin wannan zagaye.

Labarin rasuwa ne wurin da ake yawan yin ɓarna, kuma a ganina nan ne ake gane sakataren kirki. Musulmi ana yi masa jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, don haka akwai gaggawa ta gaske, amma gaggawar ba ta halatta tura abin da aka tsinta a WhatsApp ba. Ka kira wani daga cikin iyalan mamacin ka ji daga bakinsa, ka tabbatar da lokaci da wurin jana'iza da gidan da ake karɓar gaisuwa, sannan ka sanar da cikakken suna da lambarsa ta makaranta. Wanda ya fi kusa da marigayin, wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekaru biyar, a kira shi daban a faɗa masa a hankali kafin ya gani a zauren WhatsApp. Barewa kuma ta yaye Kiristoci da dama, cikinsu har da Janar Yakubu Gowon, saboda haka a bi tsarin iyalan kowa wajen ranar binnewa da lafazin ta'aziyya.

Rashin lafiya ba a sanar da shi sai da izini. Ko an yarda, cewa wane yana jinya a yi masa addu'a ya wadatar, ba sai an ambaci sunan ciwon ba. Idan an tara gudummawa, a faɗi jimilla a yi godiya, kada a jera abin da kowa ya bayar, domin cikin 'yan aji akwai tsohon minista, akwai kuma mai jiran fansho.

Sauran labarai, irin su naɗin sarauta, auren 'ya'ya da jikoki, dawowa daga aikin Hajji ko wallafa littafi, ana iya tara su a fitar duk wata uku, kowanne cikin jimla biyu ko uku. Siyasa dai gara a bar ta waje, tunda 'yan aji ɗaya ba jam'iyya ɗaya suke ba. Ga waɗanda idonsu ya yi rauni, sai ka karanta musu a saƙon murya, wanda ba ya amfani da babbar waya kuma a buga masa a takarda da manyan haruffa a aika ta hannun ɗansa.